Cikina na huɗu ya kwanta a gicciye: yadda na bi tun daga awo har ɗakin aiki a Damagaram

Assalamu alaikum ƴan uwana mata, da mazan da za su karanta don su ma da su ake. Tun da na fita jego ake ta tambayata wai ya aka yi mace mai haihuwa uku lafiya lau, biyu ma a ɗaki, ta ƙare da sezariyen a na huɗu, wasu har cewa suke ko likitoci ne suka yi saurin yanka ni. Na gaji da maimaita labarin a gidan suna da gidan biki, shi ya sa na ce bari in zauna in rubuta shi gaba ɗaya, da inda aka tura ni da takardun da aka nema da kuɗin da suka fita, don akwai wuraren da na yi ta yawo a banza kawai saboda babu wanda ya zaunar da ni ya ce ga abin da ke gaba.

Na fara awo ne da damina cikin watan Agusta, a CSI ɗin unguwarmu, wato ƙaramin asibitin gwamnati, cikin yana wata huɗu. Wadda ta saba ta san tsarin, da an sallame asuba ki aika yaro ya ajiye miki karne, wato katin awo, a layi, in ba haka ba sai azahar ta same ki a kan benci. Aka auna nauyi, aka auna tansiyo, wato hawan jini, aka sa tef aka auna tsayin ciki, aka ba ni ƙwayoyin Fansidar uku na haɗiye a gabansu saboda masassarar cizon sauro, aka haɗa min da maganin ƙarin jini da sange. Awon kansa ban biya ko dala ba, tun 2006 gwamnati ta ce awon ciki kyauta ne, abin da na biya kuɗin karne ne da na analiz ɗin jini da fitsari. Madam ɗin, wato ungozomar asibitin, ta tambaye ni ranar da na fara ganin al'adata ta ƙarshe, na ce mata wajen tsakiyar Afrilu, ta juya wani ɗan kwali mai zagaye ta ce haihuwa sai cikin Janairu. A nan ne ruɗani na farko yake, mu da wata muke ƙirga ciki, su kuwa da sati suke ƙirgawa, sati 40 daga ranar farko ta al'adar ƙarshe. Duk maganar da za a yi miki daga baya ta kwanciyar ɗa da sati za a yi ta, don haka tun ranar ki ce a faɗa miki satinki nawa.

A awon wata bakwai ne maganar ta fara. Madam ta kwantar da ni ta lalluba cikin da hannu biyu, ta taɓa sama ta taɓa gefe ta kama ƙasan mara, sai ta ɗauko ɗan ƙahon nan na ƙarfe da suke sauraren bugun zuciya ta ɗora ƙasan cibiya inda aka saba, ta yi shiru, ta matsar da shi, ta sake matsarwa, sai da ta kai shi saman cibiya sannan ta gyaɗa kai. Ta ce Hajiya ɗanki a zaune yake, kai na sama ɗuwawu na ƙasa. Gabana ya faɗi. Ta yi dariya ta ce kar in tada hankalina, a sati 28 wajen ɗaya cikin huɗu ko biyar na jarirai haka suke, suna da fili suna ta juyi, yawanci kafin sati 36 sun kifa kai ƙasa da kansu, waɗanda ke kaiwa lokacin haihuwa a zaune ba su wuce uku ko huɗu cikin ɗari ba. Ta rubuta wata kalma ta Faransanci a karne ta ja mata layi da jan biro, ta ce kar in kuskura in tsallake awon sati 36. Da na koma gida na fara lura da jikina sai na ga ai alamun suna nan, wani abu mai tauri zagayayye yana tokare min ƙasan haƙarƙari har numfashi na yi min wuya in na zauna wanki, shurin kuma maimakon in ji shi a sama kamar na sauran cikunnan, can ƙasa nake jinsa a kan mafitsara, kowane lokaci ina hanyar ban ɗaki.

Da Inna, uwar maigidana, ta ji labari, washegari sai ga ta da wata tsohuwar ungozoma da ake ji da ita a wajensu. Gaskiya matar ta san hannunta, tana taɓa cikin ta faɗi abin da madam ta faɗa ba tare da na gaya mata ba. Ta ce ɗiyata kawo man shanu in murza miki shi in juya, ai ba yau na fara ba. Na ba ta haƙuri na ce sai na shawarci baban yara, na ba ta goro ta tafi. Rubutun da Inna ta karɓo min na sha, addu'a kuwa ba a cewa komai, amma murzar ce ban yarda ba, don madam ta riga ta ja min kunne cewa in aka danne ciki da ƙarfi mabiyiya na iya ɓallewa daga jikin mahaifa jini ya ɓalle a ciki, ko cibiya ta matse, kuma a tsakar gida babu mai jin bugun zuciyar ɗan balle a ce an ruga da ke ɗakin aiki. Inna ta yi fushi da ni sosai, ta ce boko ya ɓata mu.

Sati 36 ya zo cikin sanyin Disamba, aka duba, yana nan a zaune daram. Wannan karon madam ba ta yi dariya ba. Ta ce a nan CSI ba sa karɓar irin wannan haihuwar da gangan don ba su da ɗakin aiki ba su da jini, ta rubuta min takardar turawa zuwa babbar matarniti da wata takardar ta ekografi, wato hoton ciki. Na je na tarar da layin ekografin gwamnati ya yi tsawo, ni kuma satin yana ƙure min, sai na tafi wani kilinik mai zaman kansa na biya jika bakwai da rabi. Aka shafa min wannan ruwan mai sanyi da yauƙi a ciki, mutumin yana ta yawo da abin yana kallon talabijin ɗinsa yana faɗa wa yarinyar da ke rubutu lambobi, ni ko kallo ban ishe shi ba. Na ce Malam lafiya dai? Ya ce lafiya lau, likitanki zai miki bayani. Ya miƙo min ambulan da hotuna baƙaƙe. To wane likitan? Sai na koma CSI da takardar na sake bin layi tun safe, da na shiga madam ta ce ai ba nan za ki kawo ba, can babbar matarniti za ki kai wa likitan mata tare da takardar turawa. Ta dai taimaka ta karanta min: ɗa ɗaya ne, a zaune, mabiyiya tana sama ba ta tare hanya ba, ruwa yana da ɗan yawa, nauyi wajen kilo 2 da giram 600. Don haka in an ba ki takardu biyun nan tare, ki yi ekografi ki wuce da sakamakon kai tsaye inda aka tura ki.

A babbar matarniti sai kin fara yankar tikiti sannan ki kai karne da takardar turawa wajen majo, wato babban ma'aikacin jinya, ya jera, kuma likitan ba ya fara ganin masu awo sai ya gama zagayen marasa lafiya, in aka kawo ta gaggawa kuma ya bar ku ya shiga aiki. Na zo da safe na shiga wajensa bayan azahar, ki tafi da ruwanki da ɗan abin taɓawa. Amma wallahi zaman ya biya, don shi ne mutum na farko da ya yi min bayanin da na gane. Ya jawo wata ƴar tsana ta roba wadda duk ta koɗe, hannunta ɗaya ma an ɗaure shi da filasta, da wani ƙashin ƙugu na roba, ya ce Hajiya duba nan. Ya kifa kan ƴar tsanar ƙasa, haɓarta manne da ƙirji, fuskarta na kallon bayan uwa, ya zura ta cikin ƙugun ta wuce sumul. Ya ce wannan ita ce kwanciyar da ake so, saboda kai shi ne mafi girma da tauri a jikin jariri, shi ke danna bakin mahaifa har ya buɗe santimita 10, shi ke toshe hanya kada cibiya ta riga ɗan fitowa, kuma in kai ya wuce sauran jiki ba ya gardama. Ya ɗaga haɓar kaɗan yadda goshi ne ke gaba, ya tura, ta cije. Ya ce kin gani, kai ɗaya ne amma in haɓa na ƙirji faɗin da zai ratsa santimita 9 da rabi ne, in goshi ne a gaba ya haura 13. Sannan ya juya ta a zaune ya ce nan kuma jiki mai laushi ke fara fita, kai ya zo ƙarshe, in ya maƙale a lokacin cibiya na matse tsakanin kai da ƙashi, mintoci kaɗan ake da su.

Ya ce zama ma iri-iri ne, akwai wanda ƙafafunsa ke miƙe sama wajen fuska, akwai wanda ya tanƙwashe su, akwai wanda ƙafa ce ke leƙowa gaba, wannan na ƙarshen shi ya fi haɗari. Ya ce mace irina da ta haihu uku da kanta, in ɗan bai cika girma ba kuma zaman mai kyau ne, ana iya barinta ta haihu da kanta amma a nan, gaban wanda ya iya, ɗakin aiki na kusa. Sai dai da ya kwantar da ni ya lalluba sai ya ce a'a, naki ma ba a zaune yake yau ba, ya karkace. Ya ce mahaifar da ta ɗauki ciki da yawa takan saki, ga ruwa da ɗan yawa, sai ɗan ya samu fili ya yi ta yawo. Sauran abubuwan da ke kawo haka ya lissafa min su, tagwaye, mabiyiya da ta sauko ta tare ƙofa, ƙari a mahaifa, ko haihuwar bakwaini, ni ba ni da ko ɗaya. Ya ce akwai juyawa da hannu ta waje da ake yi a sati 36 zuwa 37, kusan rabi ake dacewa, in na yarda zai gwada. Na ce to ai abin da tsohuwa ta so yi kenan. Ya ce e, bambancin shi ne ni na ga inda mabiyiya take, zan saurari zuciyarsa kafin da bayan, kuma in abu ya ɓaci ga ɗakin aiki nan taku kaɗan.

Aka duba rukunin jinina a karne, don wadda nata yake negatif sai an yi mata wata allura, nawa pozitif ne. Aka sa min randebu na zo ban ci abu mai nauyi ba. Ya sa hannu ɗaya a kan ɗan, ɗaya a ɗuwawun, yana turawa a hankali a hankali, akwai ciwo ba zan ɓoye muku ba, na damƙe ƙarfen gado ina salati, sai na ji wani abu ya yi sulu a cikina, haƙarƙarina ya saki nan take. Aka saurari zuciya, lafiya. Aka ajiye ni na ɗan lokaci aka sake saurare sannan aka sallame ni. Na koma gida da murna har na yi sadakar ƙosai, Inna ta ce ai rubutunta ne ya ci, na ce ƙwarai kuwa Inna.

Murnar ba ta daɗe ba. Da na koma a sati 38, tun kafin in hau gado madam ɗin da ke taimaka masa ta kalli cikin ta ce wannan ai ya yi faɗi. Ya koma ya kwanta a gicciye, kai a gefen dama ɗuwawu a hagu, ƙasan mara fayau babu komai. Likita ya ce Hajiya wannan kam babu wata dabara, ɗan da ke gicciye ba ya fita ta ƙasa ko da kin haihu goma, kafaɗa ce ke zuwa ƙofa, in naƙuda ta yi ƙarfi hannu ya faɗo, mahaifa ta yi ta matsawa har ta iya fashewa. Ya ce za a sa ranar aiki a sati 39, ranar za a sake dubawa in ya juyo da kai shi kenan, in bai juyo ba a yi sezariyen. Na fito na zauna ƙarƙashin wata bedi a harabar na yi kukana na share hawaye sannan na kira baban yara.

Daga nan sai zirga-zirgar takardu. Analiz ɗin jini don a ga yawansa, nawa ya ɗan yi ƙasa aka ƙara min magani. Ganin mai allurar kashe jiki, wanda ya tambaye ni ko ina da asma ko hawan jini ko an taɓa min aiki, ya ce daren aikin kar in ci komai daga tsakar dare. Sai maganar jini, aka ce mu kawo masu bayarwa a ajiye ko da za a buƙata, ƙanen maigida da wani abokinsa suka je suka bayar, kuma wannan ki yi shi da wuri don ba kowa ake ɗauka ba, sai an gwada mutum. Sai sa hannun maigida a takardar yarda. Game da kuɗi, tun 2005 doka ta ce sezariyen kyauta ne a asibitin gwamnati, kuma gaskiya ba a karɓi kuɗin aiki ko na gado a hannunmu ba, amma abin da ya ƙare a kayan aikin ordonans ake rubuto miki ki sayo a farmasi, mu tsakanin ruwan ƙari da allurai da magungunan bayan aiki mun kashe sama da jika ashirin. Kar ki ji kalmar kyauta ki taho hannu rabbana. Likitan ya so ya kwantar da ni tun lokacin, da ya ji gidanmu ba nisa kuma ga yara uku sai ya bar ni da sharaɗi: in faya ta fashe ko na ji ciwon mara ko na ga jini, ko ƙarfe nawa ne, kar in tsaya wanka kar in biya CSI, in kwanta a mota a kawo ni nan. In kuma na ji wani abu kamar igiya ya sauko, in durƙusa kamar mai sujada, ƙirji a ƙasa ƙugu a sama, kar a ja kar a tura, a haka za a kawo ni.

A gida kuwa an sha magana. Inna ta ce ita tara ta haifa a durƙushe ba wanda ya ji ko tarinta, wata maƙwabciya ta ce in aka yanka ki sau ɗaya kin gama haihuwa da kanki har abada, wata ta ce zaƙi ne ya yi min yawa in sha saiwa. Yayata ce ta tsaya min, ta zo ta zauna da Inna ta ce Inna ki yi haƙuri, ƙofa ce ɗan bai fuskanta ba, ba ragwantar uwar ba ce. Muka haɗa kaya tun da wuri, zannuwa tsofaffi masu yawa, bokiti, tarmos, tabarma da bargo na mai jinya, fitila, sabulu, kayan jariri, da jarkar ruwa don duk ɗan Damagaram ya san halin pampo. Karne da ekografi da sakamakon analiz na sa su a leda ɗaya a saman jakar. Baban yara kuma ya yi magana da maƙwabcinmu mai mota ya ce ya bar salularsa a kunne da dare.

Ranar aikin ba ta zo ba faya ta riga ta. Cikin dare, ana wannan ɗarin na Janairu mai shiga ƙashi, na juya a kan gado sai na ji ruwa mai ɗumi ya kwararo har ya jiƙa katifa, ba ciwo ko kaɗan. Da a sauran cikunnan ne da na tashi na share ɗaki na jira gari ya waye. Na ta da baban yara, ban ko miƙe tsaye ba sai da motar ta zo ƙofar gida, aka kama ni na kwanta a kujerar baya ta gefen hagu, Yaya ta tallafe min kai. Kabu-kabu kam a wannan halin kar ma a fara. Da muka isa masu gardi suna kan wata haihuwar, Yaya ta miƙa ledar takardun ta ce a gicciye yake kuma faya ta fashe, wannan maganar kaɗai ta sa aka bar komai aka shigar da ni. Madam ta sa safar hannu ta duba ta ce Alhamdulillahi babu cibiya, amma kafaɗa nake taɓawa, ta saurari zuciya tana bugawa daidai. Aka kira likitan gardi, ba ma wanda ya saba ganina ba ne, ya karanta abin da ɗan uwansa ya rubuta bai yi wata doguwar tambaya ba. Aka tambaye ni yaushe na ci abinci na ce tuwon dare, ki faɗi gaskiya a nan don da ita mai allura ke aiki. Aka sa min ruwa a hannu, aka sa robar fitsari, a lokacin ne naƙudar ta fara taso min.

Ɗakin aikin sanyi gare shi ga fitila mai kashe ido. Aka zaunar da ni aka ce in rungume matashi in sunkuya in turo baya, na ji tsinin allura a gadon baya, kafin in gama karanta ƙulhuwallahu ƙafafuna sun yi ɗumi sun yi nauyi, aka ce in ɗaga na kasa. Idona biyu, an sa kyalle a gabana, ina jin ana ja ana turawa amma ba zafi. Na ji likitan yana cewa ya kamo ƙafa, ashe ɗan da ke gicciye ta ƙafa ake jawo shi ko a aikin ma. Shiru na ɗan lokaci wanda ni a wajena ya yi tsawo, sannan kuka. Madam ta zagayo da shi ta ce Hajiya ga mai yawon naki, namiji ne, kilo 3 da giram 100. Ɗinkin ya fi fito da shi daɗewa. Bayan an fito da ni na yi ta rawar ɗari haƙora na haɗuwa, suka ce allurar ce, zai wuce, ya kuma wuce.

Kwanakin da na yi a ɗakin masu jego su suka ƙara buɗe min ido. A gadon da ke damana wata ce da ta haifi ɗiyarta a zaune da kanta a nan matarniti, lafiya lau, jaririyar in aka kwance ta sai ƙafafun su koma sama wajen kunnuwa, muna ta dariya, madam ta ce zai saki a hankali amma a duba mata ƙugu don ƴaƴan da suka zauna a ciki sun fi samun gocewar ƙashin ƙugu. A hagu kuma wata mai cikin fari, nata kai ne a ƙasa amma bayansa na jingine da bayanta, fuska na kallon gaba, ta ce duk naƙudar a ƙugu da baya ta ji ta kamar za a raba ta biyu, ta daɗe sosai kafin ya juyo da kansa ta haihu. Ashe ko kai na ƙasa akwai inda ya kamata ya fuskanta. Ta ukun ita ce har yau nake tunawa in ji ba daɗi, yarinya ƙarama da aka kawo daga wani ƙauye ta wajen Tanut, ba ta taɓa zuwa awo ba, ta kwana biyu tana naƙuda a gida saboda kunyar fari, sai da hannun ɗan ya fito sannan aka nemi mota. Kwanciyar ɗanta irin ta nawa ce sak. Ba a samu ɗan ba, ita kuma aka bar mata robar fitsari ta daɗe don ana tsoron kar ta samu yoyon fitsari. Uwarta na zaune a tabarma tana ta cewa haka Allah ya so, haka ne kuwa, amma ni na san lalluben minti biyar a wata na tara da ya nuna.

Washegarin aiki aka cire min robar aka ce in tashi in taka, tashin farko kam sai da na ga taurari, amma tafiyar ce ke sa hanji ya motsa ya kuma hana jini daskarewa a ƙafa. Aka fara da ruwan zafi da koko sannan abinci. An yi wa yaron BCG da ɗigon shan inna, aka ba mu takardar shaidar haihuwa ta kai wa mairi, wato ofishin magajin gari, muka koma gida kafin suna. Ana zuwa pansama, wato wankin ciwo, a CSI har aka cire zare. Rigimar ƙarshe da Inna ta wankan jego ce, ita tana son tafasasshen ruwa da ganye safe da yamma, madam kuma ta ce ciwon kar ya jiƙe sai ya kame, muka sasanta a kan ruwa mai ɗumi ana kare wurin, kunun kanwa ma na ce a rage kanwar saboda tansiyo.

Abin da zan ce wa mai ciki yanzu, awon farko-farko yana da amfaninsa amma na sati 36 zuwa sama shi ke faɗa miki inda ya kamata ki haihu, kuma shi ne mu masu ƴaƴa muka fi tsallakewa don muna ganin mun zama gwanaye, alhali mu ɗin ne mahaifarmu ta fi sakin da ɗa zai yi yawo. In an gama lalluba ki buɗe baki ki ce Madam ina kan yake, ya shiga ƙugu ko bai shiga ba, a nan zan haihu ko sai babban asibiti. In an ce a zaune a wata bakwai kar ki hana kanki barci, in an ce a zaune ko a gicciye a wata tara kar ki bari naƙuda ta same ki ba mota ba jini ba kuɗin ordonans, wadda take ƙauye kuma gara ta taho gari wajen dangi ta jira. Maza don Allah ku riƙa zuwa ganin likitan ko sau ɗaya, baban yara sai da ya ga ƴar tsanar nan da idonsa sannan ya daina cewa a ƙara jira.

Kafin a sallame ki kuma ki roƙi a rubuta miki a karne irin yankan da aka yi wa mahaifar kanta, ba na fatar ciki ba, don wani lokacin ɗan da ke gicciye sai an yi yankan tsaye kafin a fito da shi, kuma mai irin wannan ba a barinta ta yi naƙuda a ciki na gaba. Nawa na kwance ne a ƙasa, likitan ya ce in na huta kamar shekara biyu kuma na gaba ya zo da kai, ana iya barina in gwada da kaina, amma a babbar matarniti, ba a ɗaki ba kuma ba a CSI ba.